Hoton Kakan Alhaji Lawal

A Kankiya in ka ce kana neman Zainul Abidin, sai a tambaye ka wanne daga ciki. Amma in ka ce Zainu Mai Hoto, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka bakin tasha, ya ƙara maka da shawarar kada ka zauna in kana sauri. A faɗar Zainu, babu fuskar da ta taɓa shiga kyamararsa ta fito yadda ta shiga, sai ta ƙara kyau. Ya ɗauki manyan ƙasa, ya ɗauki 'yan ƙwallo, har walƙiya ya taɓa ɗauka tana cikin yi, kuma sai da ta tsaya masa. Wanda ya nemi ganin waɗannan hotuna, sai a ce masa suna Kaduna wajen wanki.

Gaskiyar magana kuwa, tun da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa, shagon nasa ya zama wurin hutawar ƙudaje. Sai fasfo jefi-jefi, shi ma in mai shi bai yi sa'a ba ya fito da kunne ɗaya.

Ana nan sai Ƙungiyar Zumuntar 'Yan Kankiya ta gina wani ɗaki a bayan kasuwa, ta sa masa tayil da fanka da sola, ta ce ɗakin tarihi ne. Aka yanke cewa ranar taron shekara za a haska hotunan garin a majigi, na jiya kusa da na yau, don yara su ga inda aka fito. Wanda ya haɗa wannan aiki ya yi kyau, shi za a danƙa wa mabuɗin ɗakin ya zauna yana kula da shi, da ɗan alawus ɗinsa duk wata.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Lawal, dattijo ne mai sanyin magana, gemunsa ya gama fari. Da ya ƙare bayani sai ya ce, "Ni abu guda ke raina. Kakana Madugu Bube, wanda ya riƙa jan ayarin jakai daga garin ga zuwa kudu, ban taɓa ganin fuskarshi ba. An ce wani Bature ya taɓa ɗaukar shi hoto bakin kasuwa. Da Allah zai sa in ga hoton ga kafin in bar duniya, da na gode."

Kowa ya ce Allah sarki. Zainu bai ce Allah sarki ba, miƙewa ya yi.

"Ranka ya daɗe, ai hoton ga na san inda yake."

"Ina?"

"Sirrin sana'a ne. Ranar taro za ka gaisa da kakanka."

Zainu bai taɓa jin sunan Madugu Bube ba sai a wannan zama. Amma bakinsa ya saba riga shi isa wuri, shi kuma ya saba bin sa a guje.

Daga wurin taron bai zarce gida ba, sai da ya biya tasha. Akwai wani Ashiru mai cajin waya da ya daɗe yana maitar shagon. Zainu ya kira shi da mai shagon, ya ce ya sallama, Ashiru ya shiga ko yau. Ya kwashe kayansa a baro ya kai gida.

Matarsa Sa'a tana tankaɗe ta ga baro ya shigo. Ta dubi kayan, ta dubi mijin.

"Baban Rauda, shagon ka bayar?"

"Na bayar. Mai ɗaki da tayil mi zai yi da rumfar kwano?"

"An ba ka mabuɗin?"

"Mabuɗin na aljihun Alhaji, aljihun Alhaji kuwa kamar nawa ne."

"Tau," in ji Sa'a, ta ci gaba da tankaɗe. "In ka tashi zura hannu dai ka yi sallama."

Hotunan yau ba su ba shi wahala ba. Ya zaga gari ya ɗauki gidan mai, ya ɗauki titi, ya ɗauki sabon masallaci da shagunan bakin hanya. Na jiya ne suka zame masa aiki. Ya shiga gidaje yana roƙon tsofaffi su zazzage adakarsu, kuma sun zazzage. A gidan farko wata tsohuwa, Iya Tani, ta kwance ƙullin tsumma ta miƙo masa hoton marigayi mijinta. Ga mutum nan ya ɗora ƙafa a kujera, ya riƙe rediyo. A bayansa ga gidajen bene sun taɓo sama, ga jirgi yana wucewa, ga teku da kwalekwale.

"Iya, wanga ai labule ne. Masu hoton da ke rataya shi bayan mutum."

"Labule ko ba labule ba, Kankiya anka ɗauke shi, ƙofar gidan ga."

Gida na gaba, labulen ne. Na gaba da shi ma labulen ne, sai dai a nan teku ta ɗan yage. Duk garin mai hoto ɗaya ya bi su da labule ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa tunanin ɗaukar kasuwa ko ƙofar gari, don me mutum zai biya a ɗauki abin da yake gani kullum? Zainu ya zauna ya yi lissafin abin. In ya haska waɗannan, Kankiyar jiya tana da teku da filin jirgi, ta yau tana da gidan mai. Ba za a ba mutum mabuɗi a kan wannan ba.

A nan dabarar ta zo masa, kuma ya ji daɗinta har ya tafa hannu shi kaɗai. Kankiyar jiya ai ba ɓacewa ta yi ba, ƙaura ta yi zuwa ƙauye. Abin da ya rage kawai mutum ya bi ta can, ya ɗauko ta baƙi da fari.

Ya hau babur ya bi ta Kusada ya nausa Bauranya, inda ya tabbata ba a san shi ba. Ya sauka ƙofar gidan mai unguwa, ya yi gaisuwa, ya ce ya zo ɗaukar hotunan da manyan mutane za su kalla a bango. Da ya tsaya nan da sauƙi, amma sai da ya ƙara cewa har daga Abuja za a zo.

Kafin ya gama shan ruwa, Bauranya ta fito da kayan Sallah. Masu babura suka jera su suna gogewa. Mai injin niƙa ya tayar da shi don a ji ƙara a hoto. Wani ya ciro solar gidansa ya ɗoro a ka. Mai unguwa kuwa ya tsaya a gaban sabon rufin kwanonsa, ya gyara hula, ya ce a fara.

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Zainu. "Duk a kwashe waɗannan. Wancan bangon da ya zube nike so. A samo mani tsofaffi, su tuɓe takalma, in da riga mai yaga a sa."

Nan take aka kashe injin niƙa.

"Wato," in ji mai unguwa a hankali, "mu da munka yi shekaru muna tara kwano ɗaya bayan ɗaya, kai bangon da ya faɗi za ka kai ma mutanen Abuja?"

"Tarihi ne."

"Tarihin wa? Bangon ga bara ya faɗi."

Aka yi masa rakiya har bayan gari, rakiyar da babu hira a cikinta. Da jama'a suka juya, ya tarar tayar babur ɗinsa ta baya ta kwanta, kuma duk cikin masu rakiyar babu wanda ya ga lokacin da ta gaji.

Yana tura babur yana zufa sai ya hango wata ruga a gefen hanya. Bukkoki na kara, rumbu, ƙorai a kife a kan dankin itace, jaki ɗaure a gindin kuka. Babu kwano, babu waya a sama. A inuwa ga wani dattijo dogo siriri, mai dogon hanci, yana tufka igiya. Zainu ya saki babur, babur ɗin ya faɗi. Wallahi da an ce masa ya zana Madugu, da haka zai zana shi.

Sunan dattijon Jaji, makiyayi ne. Ya saurari bayanin Zainu har ƙarshe, ya ce ba ya ƙi, amma bari ya shiga ya sa sabuwar shaddarsa da tabarau.

"Baffa, a haka ka fi kyau. Gwadon ga kawai za ka yafa, ka sa malafa, ka riƙe sanda."

"Manya za su gan ni da gwadon kwana?"

"Shi ake yayi a birni."

Jaji ya yafa, amma ya ce agogonsa ba ya fita, ɗansa ne ya kawo masa daga Legas. Aka yi ciniki, hannun agogo ya koma ƙarƙashin gwado. Zainu ya tsayar da shi gaban rumbu ya ɗauka. Ya sauya masa zaman malafa ya tsayar da shi bakin shinge ya ɗauka. Ya ba shi igiyar saniya ya ɗauka. Daga ƙarshe ya jawo jaki, ya ɗora masa buhunan ƙaiƙayi, ya ce Jaji ya dubi nesa kamar mai tunanin doguwar tafiya. Jaji ya dubi nesa. Sai waya ta yi ƙara a cikin gwado, aka dakata ya gama yi wa 'yarsa Hassana bayanin cewa lafiya lau yake, aiki ake a kansa.

Don abin ya yi armashi, Zainu ya lulluɓe kansa da kyamarar da baƙin ƙyalle irin na masu hoton da, ko da yake kyamararsa ba ta buƙata. Ya duƙa yana ja da baya yana neman tsayuwa. Wani bijimin Jaji ya ɗago kai ya ga baƙin abu marar kai yana matso shi da gindi.

"Mai hoto," in ji Jaji, yana nan yana duban nesa, "ka ɗan tsaya."

"Kada ka motsa, Baffa, haske ya zo daidai."

"Ni ba ni motsi. Shi ne ke motsi."

Bijimin bai yi da mugunta ba, ɗaga shi kawai ya yi ya ajiye a ramin da ake haƙar ƙasar gini. Da aka ciro shi, hannunsa na sama riƙe da kyamara. Ya ce da gangan ya shiga, daga ƙasa ake samun hoto mai kwarjini.

A gida ya buga hotunan baƙi da fari, ya ga sun yi sabunta da yawa. Ya tsoma su a tukunyar shayin Sa'a, ya rataya su a saman murhu su sha hayaƙi. Ɗaya ya kama wuta a gefe, ya ce madalla. Akuya ta shigo ta ci kusurwar wani, ya ce ko gara ba za ta yi aiki mai kyau haka ba.

Sa'a ta ɗauki ɗaya ta shinshina. "Kankiyar da warin daddawa take?"

"Ke ba ki san tarihi ba."

"Na san tukunyata. Wane ne wanga tsoho?"

"Kakan Alhaji Lawal."

"Da wanga?"

"Sarkin pawa."

Ta haɗa biyun ta duba. "Tagwaye ne?"

Ya karɓe hotunansa ya sake ɗaukar su da kyamara don su shiga majigi.

Ranar taro, tun da ya dawo daga sallar asuba ya kasa zama wuri ɗaya. A ce mutum ya yi aiki irin wannan ya jira har la'asar kafin a yaba masa? Bai iya ba. Ya yanko fuskar Jaji daga hoton jakin, ya ɗora a sitatus ɗin wayarsa, ya rubuta a ƙasa, "Allah ya jiƙan maza, ya sa Aljanna ce makoma." Kowa ya sani a zamanin nan, in ka ga fuskar mutum baƙi da fari a waya da addu'a a ƙarƙashinta, to sanarwar rasuwa ce. Kowa ya sani, ban da wanda walƙiya ta tsaya wa. Ya ga mutane suna ta kwafa suna turawa, ya ce wa Sa'a aikin ya karɓu tun kafin a buɗe taro.

Bayan la'asar ɗakin taro ya cika. Manya a gaba kan kujerun roba, mata a gefe, matasa sun toshe tagogi. Zainu ya sha babbar riga, ya riƙe dogon kara na nuni. Aka tayar da janareto, hoton farko ya fito ƙafa a sama. Ya ce haka kyamarorin da suke ɗauka, amma saboda yara zai juya shi.

"Jama'a, ga Kankiya jiya," ya nuna rumbu da kuka da wani dutse a bayansu. "Ga kuma wurin a yau." Gidan mai ya fito.

Wani ya ɗaga hannu. "Dutsen da ke baya fa, ina ya tahi?"

"An kwashe an yi kwalta."

"Duka?"

"Kwalta na cin dutse, malam. Mu ci gaba."

Ya nuna mai gadin ƙofar gari a bakin shinge, kusa da shagunan bakin hanya. Ya nuna sarkin pawa da igiyar saniya, kusa da mahautar yau. Tsofaffin da ke gaba suka riƙa gyaɗa kai, don babu mai son a ce shi ne bai tuna ba. Wani ma ya ce ya sha wasa a gindin kukar nan.

Sai muryar Iya Tani daga wajen mata. "Ɗan nan, mutanen da duk fuska guda gare su?"

"Iya, lokacin garin bai yi yawa ba. Auren gida ake."

Aka yarda da wannan, don akwai hankali a ciki.

Sannan Zainu ya sa aka rage ƙarar janareto, abin da bai yiwu ba, ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, na yi alkawari. Ga Madugu Bube, ranar da zai tashi da ayari."

Hoton ya cika bango. Dogon mutum da malafa da gwado, hannu a kan jaki, ido a nesa, gefen hoton a ƙone. Alhaji Lawal ya miƙe a hankali ya taka zuwa bangon, inuwarsa ta rufe hoton, ya matsa gefe da sauri kamar wanda ya taka babba. Ya daɗe yana kallo.

"Hancin babana ne," ya ce. "Wallahi hancin babana ne."

Hawaye suka bi gemunsa. Ba hawayen taro ba ne, na gaske ne, na tsohon da ya yi rayuwarsa duka yana jin labarin mutum bai san kamanninsa ba. Mata suka riƙa share ido da bakin mayafi. Mai hankali a nan zai rufe bakinsa. Zainu kuwa ya ƙara da cewa Baturen da ya ɗauki hoton ya rubuta a baya cewa bai taɓa ganin jarumi irin wannan ba, sai dai gara ta cinye wurin.

Alhaji ya zura hannu a aljihu ya fito da mabuɗi ya ajiye a kan tebur. Zainu ya ji ƙararsa har cikin ƙashinsa. "Kafin in miƙa," in ji Alhaji, "Liman, a yi ma kakana addu'a, da duk waɗanda munka gani."

Aka ɗaga hannuwa. Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa wa Madugu rahama da hasken kabari, aka shafa. Amin ɗin da ta fi kowace ƙarfi daga bakin ƙofa ta fito.

"Na gode da addu'a," in ji mai muryar. "Amma ku ajiye mani ita, ban kai ba tukuna."

Aka waiwaya. Dogon mutum ne da malafa da gwado da sanda. Ya tako tsakiyar ɗaki bai yi sauri ba, ya zo ya tsaya a gindin bango, daidai ƙarƙashin hoton. A bayansa wata mata mai kumburarrun idanu, da wata tsohuwa, da jama'a cike da ƙofa, ga a-kori-kurar da ta kawo su tana huci a waje. Mutane suka dubi bango, suka dubi mutum, suka sake duban bango. Wasu na kusa da taga suka fara neman takalmansu.

"Sunana Jaji, daga wajen Bauranya. Ina mai hoto?"

Mai hoto yana nan, ya ɓoye rabin jikinsa a bayan kara.

"Kama ce, jama'a," ya ce. "Jinin Madugu ne ta wajen uwa. Ai jini ba ya ɓuya."

"Gwadon ma jini ne?" in ji Jaji, ya ɗaga gefensa. "Ga ƙunar taba nan, ga ta can bisa bango. Jakin kuma nawa ne, da safe ya ci dusa."

Ya juya wajen manya ya yi bayani dalla-dalla, ba faɗa ba hayaniya. Ya fita kiwo tun da sassafe, inda ya je babu sabis. Da rana ya dawo ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, an ɗora tukwane. 'Yarsa Hassana ta taho daga Sukuntuni tana kuka tun daga kan babur. Matarsa Lailatu ta tuɓe awarwaro ta shiga ɗaki. Da ya yi sallama, rabin masu zaman makoki suka tsallake shinge, wani bai tsaya ba sai garin Boko. Da hankali ya kwanta aka bi diddigin hoton har Kankiya.

"Duk wanga na yafe," in ji Jaji. "Abin da ya ɓata mani rai, ƙanena Auwalu na iske cikin garke shina buɗe bakin shanuna shina duba haƙora."

Daga bakin ƙofa wani ya ce, "Lafiyarsu nike dubawa, Yaya."

"Ka ji shi. Sannan na ga waɗanda sunka zo, na kuma ga waɗanda ba su zo ba. Wanga ba zan manta da shi ba."

Mai unguwar Bauranya, wanda ya biyo motar don kada a ba shi labari, ya leƙo ya dubi bango. "Ku mai da hoton farko," ya ce. "Dutsen da anka kwashe anka yi kwalta, ɗazu munka wuce shi."

Sai wani matashi daga taga ya ce, "Baba Alhaji, ai kakan naka ka girme shi."

Ɗakin ya fashe. Masu kujera suka riƙe ciki, mata suka kifa kai a cinyar juna, Liman ya rufe baki da rawani kafaɗunsa suna rawa. Alhaji Lawal kaɗai bai yi dariya ba. Yana tsaye inda yake, hawayen ko bushewa ba su yi ba. Ba dariyar ce ta dame shi ba. Ya samu fuskar kakansa na ɗan lokaci, ya sa ta a zuciya, yanzu an zo an karɓe a gaban jama'a. Zainu ya ga fuskar tsohon, kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ba ta daɗe ba, amma ta zo.

"Ranka ya daɗe," ya ce da ƙaramar murya, "hotunan yau ɗin dai na gaske ne."

"Na yau muna ganin su da idonmu," in ji Alhaji. "Kashe abin ga."

Aka kashe majigi. Alhaji ya jawo kujerarsa ta shugaba ya ajiye wa Jaji. "Zauna, Kaka, ka sha hanya." Ya ɗauki mabuɗin daga kan tebur, ya mayar aljihu, ya dafe bakin aljihun da hannu. Sannan ya dubi Zainu. "Baƙin ga kai ka gayyato su. Ka ɗauki Malam Jaji bisa babur ɗinka, duk garin da hoton ga ya shiga ka kai shi a gan shi da rai. Ka fara da waɗanda ba su zo ba."

Kwanakin da suka biyo baya Zainu ya san ƙauyukan Kusada fiye da mai tallan magani. Jaji na baya da shaddarsa da tabarau, a kowace kasuwa sai ya sauka ya zaga, ya bari a taɓa shi, ya sha fura, Zainu na riƙe da babur a rana.

Ranar da ya sauke shi a ruga karo na ƙarshe, ya dawo Kankiya ya zarce tasha. Ya shirya maganarsa tun a hanya: zai ce wa Ashiru aro ya ba shi. Da ya iso sai ya wuce shagon bai gane shi ba, ya dawo. An yi masa koren fenti, an jera soket a bango, wayoyi sun cika kanta, samari sun cika benci. Tsohon allonsa mai rubutun SITIDIYON DUNIYA an shimfiɗa shi a kan kwata ana takawa a shiga.

"Sannu da zuwa, Yaya Zainu," in ji Ashiru. "Na ji labarin aikin da ka yi, na ce bari ni ma in gwada." Ya miƙo masa waya. "Ga shagon jiya, ga shagon yau."

A hoton farko ga rumfa ta yi duhu, ga kujera ɗaya, ga Zainu da kansa a kai yana gyangyaɗi, baki a buɗe. A na biyu ga abin da ke gabansa. Ya daɗe yana kallo, abin ya soke shi, don babu inda zai ce an yi ƙarya. Maganar aron ta bi iska.

"Na biyun haske ya yi mashi yawa," ya ce, ya mayar da wayar.

Ya duƙa ya zare allonsa daga kan kwata, ya ɗora a ka, ya bi layin bayan kasuwa inda ba a cika haɗuwa da mutane ba. A ƙofar gida ya yi sallama. Sa'a ta leƙo, ta dube shi tun daga ƙasa har sama.

"Baban Rauda, ɗakin tarihin ne ka ɗauko bisa kai?"

Ya ce ta matsa ya wuce, ruwan kwata na ɗigar masa a wuya.